Shekara talatin a kan sitiyari, yanzu sifana a fadama: labarin wani direban hanyar Kamba

Asalin mutumin da sana'arsa

Mutumin da zan ba da labarinsa maƙwabcina ne a wani gari da ke tsakanin Bunza da Kamba a jihar Kebbi, duk unguwa Kawu muke ce masa, to ni ma haka zan kira shi a nan. Ni nake rubuta masa lissafi tun 2020 saboda shi karatun allo ya yi, boko kam sai dai lambar mota da lambar waya, shi ya sa duk kuɗin da za ku ga na ambata daga littafin da ke hannuna na ɗebo su.

Ya shiga tasha yana ɗan shekara 18 a matsayin karen mota, ya karɓi sitiyari a 1990, kuma tun daga lokacin hanya ɗaya ya riƙe, Birnin Kebbi, Kalgo, Bunza, Kamba, wani lokaci ya tsallaka da fasinja har Gaya ta Nijar. Ya yi wa mutane tuƙi yana kai balas shekara da shekaru kafin Allah ya ba shi tasa, wata tsohuwar Golf mai dogon baya da ya riƙe kamar ɗiyarsa. Mata biyu, 'ya'ya goma sha ɗaya, ga tsohuwarsa tana da rai a lokacin. Ba mai kuɗi ba ne amma ba a taɓa jin an kwana da yunwa a gidansa ba. Wani abu da kowa ya san shi da shi a tasha, ba ya kai motarsa gareji sai in aikin ya kai ga sauke inji, fulogi ne, kafireto ne, birki ne, shi yake kwance abinsa ya ɗaura, har sauran direbobi kan ce Kawu zo ka saurara mana wannan ƙarar.

Agusta 2019 zuwa Mayu 2020: hanya ta mutu

A watan Agustan 2019 gwamnatin tarayya ta rufe iyakokin ƙasa. Duk wanda ya san Kamba ya san garin da boda yake numfashi, in ba a shige da fice to babu fasinja, babu kaya, har mai shayin tasha sai ya ji a jikinsa. A watan Nuwamba kuma aka hana kai fetur gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, sai ya zama in bai cika tanki daga Birnin Kebbi ba to sai dai 'yan bumburutu. Motar da take sawu biyu a rana ta koma sai ya wuni a layi bai yi lodi ɗaya ba. Yana cikin wannan sai ga korona a farkon 2020, aka taƙaita zirga-zirga, aka rage yawan mutanen da za a ɗauka.

Shekararsa 54 a lokacin, baya ya fara ciwo, kuma ya fara cewa fitilar motocin zamani ta cika haske da dare, ba mu kawo komai ba. A watan Mayun 2020 ya sayar da motar naira dubu 650. Ranar da aka zo aka tafi da ita bai fito sallar la'asar a masallacin unguwa ba.

Damina 2020: gwaji na farko, shinkafa

Abin da ya sa ya zaɓi shinkafa ba boyayye ba ne. Tun da Shugaba Buhari ya ƙaddamar da shirin bai wa manoma lamuni na Anchor Borrowers a Birnin Kebbi a Nuwamban 2015, ga shinkafar Lake Rice ta haɗin gwiwar Kebbi da Legas a 2016, ga manyan injinan casa a Argungu da Birnin Kebbi suna neman shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, ga boda a rufe ta waje ba ta shigowa yadda aka saba, kowa a Kebbi ya zama manomi, ma'aikacin gwamnati, tela, malamin makaranta, har ni sai da na taɓa. A tasha kuwa kullum labarin da ake yi shi ne wane ya noma ya je Makka, wane ya ƙara aure.

Kawu bai ci bashi ba, da kuɗin motarsa ya shiga. Ya karɓi hayar fadama kusan hekta biyu, ya biya huɗa, iri, taki, maganin ciyawa da 'yan ƙwadago, kafin watan Agusta ya ƙare dubu 470 sun shige ƙasa. Shinkafa ta yi kyau sosai, na je na gani da idona. Sai ambaliyar ƙarshen Agusta da farkon Satumba ta zo, wadda ta cinye dubban hektoci daga Argungu, Birnin Kebbi, Bunza, Suru har Bagudo da Yauri, ta karya gadoji ta raba garuruwa. Gonarsa ta kwana goma sha a ƙarƙashin ruwa, ko tiya ɗaya bai ɗauka ba. Daga baya ne wani tsohon manomi ya faɗa masa cewa wannan ɓangaren fadamar ƙwarya ce, wato kwarin da ruwa ke taruwa, su 'yan gari ba sa zuba kuɗi a wurin da damina sai da rani, shi ya sa ma hayar ta yi araha.

Rani 2021: gwaji na biyu

Da sauran kuɗin ya sayi injin ban ruwa na hannu mai inci uku, aka haƙa masa 'yar rijiyar burtsatse, ya rage gona zuwa rabin hekta. Wannan karon babu ambaliya, amma ga kurakuran da na rubuta da bakinsa: irin ya wuce kwana 40 a bedi, wato wurin rainon iri, kafin a yi dashe alhali wajen sati uku ake so, don haka bai yi 'ya'ya da yawa ba, ya zuba yuriya duka lokaci ɗaya maimakon ya raba, yaran da ya ɗauka korar tsuntsu suna tafiya da zarar ya juya baya, jan baki suka yi ta biki. Ya tashi da buhu 19, maƙwabcin gonarsa mai fili kamar nasa ya kusa ninka shi. Da muka cire kuɗin mai, taki da ƙwadago, ribar ba ta kai kuɗin buhu huɗu ba, na aikin wata biyar.

Akwai abu ɗaya da ya faru a wannan ranin wanda ko a littafi ban rubuta ba don babu kuɗi a ciki. Injinsa bai taɓa kwana a lalace ba, sai manoman da ke kusa suka gane, kullum sai ka ji ana Kawu taimaka injina ya ƙi tashi, ya bar gonarsa ya je ya buɗe ya hura ya ɗaura, a ce Allah ya saka, wani ya ba shi goro. A ƙalla inji goma sha biyar ya taɓa a wannan shekarar kyauta.

Agusta 2021 zuwa Afrilu 2023: tireda, da komawa tuƙi na wata uku

Ya sayar da shinkafar, uwargidansa ta sayar da raguna biyu ta ba shi, aka haɗa dubu 280 aka buɗe tireda a zauren gidansa, sukari, omo, taliya, magi, man gyaɗa. A nan ba sai na ja magana ba, mutumin da ya shekara talatin ana ce masa Kawu, kowa ɗansa ne ko ɗan ƙanensa, ba ya iya cewa babu bashi. Cikin shekara ɗaya littafin bashi ya fi kantar kaya nauyi, ga gida ana ɗiba ba a rubutawa.

A watan Afrilun 2022 aka buɗe bodar Kamba, sai zuciyarsa ta koma tasha. Ya bar wa ɗansa shagon ya karɓi Sharon ta wani Alhaji yana kai balas. Wata uku ya yi. Wata rana bayan isha'i yana dawowa ta wajen Kalgo, mota ta taho da fitila mai ƙarfi, shi dai ya ce fari kawai ya gani kamar an watsa masa nono a ido, ashe amalanken shanu na gabansa babu ko ƙyalli, fasinjan gaba ne ya yi salati ya fizgi sitiyarin suka sauka gefen hanya. Ba wanda ya ji ciwo. Da safe ya mayar da makulli. A asibiti aka ce yanar ido ce a duka biyun, na hagu ta fi nuna, aka yi masa aikin na hagun a ƙarshen shekarar lokacin da wata ƙungiya ta kawo aikin ido kyauta. Gani ya dawo sosai da rana, amma shi da kansa ya ce ya gama ɗaukar ran mutane da dare.

Shagon kuma canjin kuɗi ne ya ƙarasa shi. Daga Janairu zuwa Maris na 2023 babu takardar kuɗi a hannun mutane, taransifa ta tafi ta maƙale, dila a Jega yana son kuɗi hannu, masu saye suna cewa rubuta. Cikin azumin wannan shekarar muka ƙirga kayan da suka rage, ba su kai na dubu 40 ba, bashin da ke waje dubu 163. Aka rufe.

Yuni zuwa Nuwamba 2023: zama a ƙarƙashin yaronsa

Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, litar da ake saye ƙasa da naira 200 a gidan mai ta haura 500 cikin kwana biyu, a watan Yuli ta wuce 600. A ƙarshen Yulin sojoji suka yi juyin mulki a Nijar, aka sake rufe boda. Wato ko da idonsa lafiya lau, hanyar Kamba ba abin komawa ba ce a lokacin.

Uwargidan ce ta kawo maganar. Ta ce Malam, kai da kullum ake sallama da kai a kan inji, mi zai hana ka mai da shi sana'a. Ya ce gyaran da ya iya na direba ne, na a lallaɓa a kai gida, in aka ce ya sauke fistin ya sa ringi ko ya canza sil ɗin famfo, wato abin da ke hana shi yoyo, bai taɓa yi ba. To wa zai koya masa? Bakaniken janareto da injin ban ruwa da ya fi kowa a garin, yaron da ya yi masa karen mota shekara huɗu ne, wanda yake aika sayen shayi, wanda ya sha rankwashi a hannunsa ba adadi. Sati biyu yana juya maganar. Ita kuwa ta ce masa durƙusa wa wada ai ba gajiyawa ba ne.

Ni na raka shi, da hantsi. Yaron, wanda yanzu magidanci ne mai shekara 35 da yara biyar a ƙarƙashinsa, yana ganinmu ya tashi daga kan benci ya durƙusa har ƙasa. Kawu ya yi ta kewaye-kewaye, ya tambayi iyali, ya tambayi kasuwa, sannan ya ce, ɗana, aiki na zo ka koya man. Yaron ya yi dariya ya zaci wasa ne, da ya ga fuskar ba ta wasa ba ce sai ya sunkuyar da kai ya ce, Baba, wallahi ba ni iya aikenka, da wane baki za ni ce maka miƙo man sifana goma. Kawu ya ce to kar ka ce, ka nuna da hannu, ni na san lambarta tun ba a haife ka ba. A haka aka shirya: ba zai yi shara ba, ba zai ɗebo ruwa ba, amma duk injin da aka kawo shi zai kwance ya wanke, maigidan ya duba ya faɗi ciwon, shi ya ɗaura a gabansa. Babu kuɗin koyo, babu sallama, sai na abinci in an samu.

Watan farko ya sha magana. Tsofaffin abokansa na tasha in sun wuce a mota sai su danna hon su ce girma ya faɗi, raƙumi ya shanye ruwan 'yan tsaki. Ɗansa na fari ma ya zo ya same ni wai in ba shi baki ya daina, abin kunya ne a ga ubansu cikin baƙin mai tare da yara. Abincin gidan a wannan watannin daga ƙuli-ƙuli da man gyaɗar matan yake fitowa, da ɗan abin da yaran ke samu a kabu-kabu.

Abin da ya koya cikin wata biyar ba shi da yawa a baki amma shi ne aikin. Injin ban ruwa gida biyu ne, ɓangaren inji da ɓangaren famfo. Na injin bai ba shi wuya ba, silinda ɗaya ce, babu batir babu gargada, igiya ake ja, in ka san mota to wannan ƙanenta ne, saura saita bawul da sa ringi. Famfon ne sabo a wurinsa: yadda yashin rijiya ke cinye farfela, yadda sil ke ƙonewa in aka bar inji na gudu babu ruwa a cikinsa, yadda ƙaramar kafa a tiyon zuƙa ke sa ya ƙi jan ruwa gaba ɗaya. Sai abin da ya shigo a daidai lokacin, wato juya inji daga fetur zuwa gas ɗin girki, a cire kafireto a sa mai hanya biyu, a haɗa da tiyo da kan tukunya mai rage ƙarfin iska. Manoma sun rungumi abin saboda fetur ya fi ƙarfinsu. Maigidan nasa ya dage a kan abu biyu, duk mahaɗa sai an shafa ruwan omo an ga ba ta kumfa, kuma tukunya a inuwa nesa da salansa.

Disamba 2023 zuwa Mayu 2024: fita fadama

A nan ne ya yi abin da ba a koya masa ba. Bai buɗe shago ba, ya ce ba zai raba wa yaronsa kasuwa a cikin gari ba. Ya sayar da injinsa na ban ruwa, ya cika ya sayi tsohon babur, ya ɗaura akwatin ƙarfe a baya da sifanu, filaya, fulogi, sil, igiya, robar tayar mota da ya yayyanka, jarin kayan duka dubu 55. Bayan sallar asuba yana fadama. Lissafinsa shi ne manomin da injinsa ya tsaya da safe, kafin ya kwance tiyo, ya nemi babur, ya kai gari, ya bi layi, ya dawo, kwana ɗaya ko biyu sun tafi, shinkafar da ta fara ciki kuwa ba ta jiran kowa a zafin Maris.

Na bi shi wata Asabar. Muka ishe wani saurayi zaune ya haɗa kai da gwiwa, inji na ta ƙara amma ruwa ko ɗigo, an riga an ce masa famfon ya mutu sai sabo. Kawu bai taɓa sifana ba tukuna, ya ce tayar in ji. Ya tsuguna ya karkata kai kamar mai sauraren rediyo, ya bi tiyon zuƙa da tafin hannu a hankali tun daga bakin rijiya, ya tsaya a wani wuri ya ce kashe. Tsagewa ce da ba ta kai tsawon farce ba. Ya naɗe ta da roba tamau, ya buɗe saman famfo ya cika da ruwa da buta, ya ce ja. Ja biyu ruwa ya yi tsalle ya jiƙe mu duka. Minti goma sha biyar. Yaron ya ce Baba nawa, ya ce kawo dubu ɗaya, kuma gobe ka juye baƙin man nan, ya koma kamar kwalta.

Bashi ya so ya sake kama shi a watan farko, don manomin rani ba ya da kuɗi sai ya yanke. Sai muka tsara: kayan gyara kuɗi hannu babu rubutawa, tunda shi ma saye yake, aikin hannu kuma wanda ya so a yi yarjejeniyar kaka, buhu ɗaya na shanshera a kan kowane inji, ya riƙa duba shi har a gama ban ruwa, a gaban sarkin noman wurin ake faɗa. Mutum 23 suka shiga, 17 suka cika, huɗu suka kawo rabi, biyu har yau muna gaisawa dai. Ga na 'yan gyare-gyare da juya inji zuwa gas da ke shigowa kullum, dubu biyu, dubu huɗu, ranar da ta yi kyau bakwai. Wato ya samu kusan yawan shinkafar da ya noma a 2021, bai sayi taki ba bai kori tsuntsu ba.

2025 zuwa yau

Ba komai ya tafi daidai ba. A ƙarshen 2024 fetur ya haura naira dubu, gas ma ya tashi, wasu manoma suka rage fili. A 2025 farashin shanshera ya faɗo bayan an ba da damar shigo da abinci daga waje ba haraji, buhunan da ya karɓa suka rage daraja a hannunsa, dole ya koma rabi kuɗi rabi shinkafa. Da damina aikin fadama yana tsayawa, sai ya koma janareto da injin markaɗe da injin feshi a ƙofar gida, samun bai kai rabin na rani ba. Gwiwa ma tana damunsa saboda tsuguno. Sannan masu hali sun fara sa famfo mai aiki da hasken rana, wanda babu kafireto babu fulogi balle a kira Kawu.

Me ya sa wannan ya tsaya, sauran suka faɗi

A ganina ambaliya da canjin kuɗi sun ɗauki laifin da ba duka ne nasu ba. Ruwa ya ci gonar kowa a 2020, gaskiya ne, amma wanda ya san fadama ba zai zuba kuɗin motarsa kaf a ƙwarya da damina ba, kuma ranin da babu ambaliya ma rabin abin maƙwabcinsa ya samu. Tireda kuwa tun kafin a canza kuɗi ta mutu, halinsa na rashin iya hana mutane ne ya kashe ta. Duka biyun ya shiga da kuɗi mai yawa da sani kaɗan, don ya ga wasu sun samu. Gyaran inji ya shiga da dubu 55 da kunnen da ya shekara talatin yana sauraren inji, abin da shi bai taɓa ɗauka sana'a ba saboda kyauta yake yi. Wata biyar suka ishe shi inda yaro sabon shiga ke shekara uku ko huɗu.

Shekarun nasa da yake ganin su ne cikas, a fadama sun yi masa rana: manomi ya fi sakin jiki ya bar wa dattijo injinsa, kuma da wuya ya kalli furfura ya hana buhun da ya yi alkawari a gaban sarkin noma. Abin da ya kusa hana komai shi ne sati biyun nan da ya yi yana jin nauyin zuwa wurin yaronsa, da ba don uwargida ba ina jin da har yanzu yana zaune a ƙofar gida yana jiran a buɗe wani abu. Shekara uku da kuɗin mota ɗaya suka tafi kafin a kai ga nan, kuma har gobe bai mayar da kuɗin motar ba.

Yanzu yana da shekara 59. Ɗan nasa na fari da ya ce abin kunya ne, shi ke tuƙa babur ɗin ya kai shi fadama in gwiwar ta motsa. Na ukun kuma ya tura shi Birnin Kebbi wurin wani mai haɗa sola tun bayan sallar layya, ya ce in ya dawo shi ma zai zauna ya ga yadda ake haɗa wayar, in dai yaron zai iya nuna masa da hannu.